Ɗigon da Ya Kauce wa Indararo

Tawadar ba ta san hutu ba. Da zarar an tayar da inji da hantsi, sai ta tsarto daga bakin wata allura, siririya kamar zaren ɗinki, ta tsittsinke ta zama ɗigo-ɗigo, ta ratsa tsakanin wasu ƙarafa biyu masu faɗi, ta faɗa cikin wani ɗan indararo, ta gangara ta koma tanki, ta sake fitowa. Haka take wuni tana zagaye, ko akwai fata a kan tebur ko babu.

Aikin Labbo shi ne ya kautar da ita daga hanya. In masu ɗauko kaya sun shimfiɗa fatar akuya, sai ya danna wani ƙarfe da ƙafa, lantarki ya kama ɗigon a iska, ya fizge shi daga bakin indararo ya watsa shi a kan fatar, alamar kamfani ta fito raɗau, launin shunayya. A gefen injin akwai wani ɗan noti na tagulla. In an murɗa shi dama ɗigo ya yi nisa, in an murɗa hagu ya faɗo kusa. Dole alamar ta sauka a bakin wuya, inda dama yankewa za a yi a yar. In ta zame ta hau gadon baya, fata ta tashi daga mai daraja ta koma ta banza, dillali ya yi ta Allah ya isa.

A kantin fata na garin Isa ake wannan aiki, a shekarun da ake ta raɗe-raɗin Turawa sun kusa naɗe tabarmarsu. Baturen kantin, wanda mutane ke kira Mai Lofe, shi ya harhaɗa injin da hannunsa, yana cika baki wai ko a ƙasarsu babu irinsa. Ƙila gaskiyarsa, don mai hankali ba zai ƙera abin da ke tsiyaya ba tsayawa ba don kawai ya huta da buga hatimi. Ita ma tawadar shi yake haɗa ta, da safar hannu da ƙyalle a hanci, saboda yana zuba mata maganin ƙwarin da ke cin fata a hanyar Ikko. In ya gama sai ya datse tanki da kwaɗo, ya jefa mabuɗi a aljihu. Bututun indararo kuwa da dalma ya liƙe shi. A ganinsa ya toshe duk wata ƙofar sata. Ya manta cewa tsakanin allura da indararo a iska tawadar take tafiya.

Labbo bai tashi da niyyar sata ba. Mutumin Unguwar Lalle ne, can ƙasar Sabon Birni, a bayan kanti yake kwana, sai ya samu sarari yake leƙa gida. Abu ɗaya ne a ransa, cikin da ke jikin matarsa Maijidda. Ta sha ɓari, wanda ya kai lokacinsa kuma ya zo bai ko yi kuka ba. Wannan karon cikin ya tsufa lafiya, sai mahaifiyar Labbo, Inna Tasalla, ta ɗauke Maijidda ta mayar ɗakinta, ta hana ta daka, ta hana ta ɗaukar tulu, kuma babu rubutun shan da Malam Illo na bakin masallaci zai ba ta ta bari ya kwana. Labbo kan ce in Allah ya nuna masa wannan ɗan da rai, ko a ranar injin ya ƙone ƙurmus bai damu ba.

Wansa Attahiru ne ya kawo maganar. Attahiru ɗan kasuwa ne mai kai goro Maraɗi ya dawo da turare da sukari, yana da bakin da in ya zauna da kai sai ka ba shi wandonka kana godiya. Ya zo kallon injin kamar yadda kowa ke zuwa, ya daɗe yana duban alamar, har ya lakaci wadda ba ta bushe ba da yatsa. Daga baya ya ja ƙanensa gefe ya ce dukawan Maraɗi za su so wannan launi don rina jaka da linzami, ya samo masa ko kwalba guda. Labbo ya ce tanki a kulle yake. Ya kuma gaya masa abin ba na wasa ba ne, da idonsa ya ga ƙadangare ya lashi wadda ta zube, kafin azahar yana kwance ciki sama.

"To ƙadangare nic ce maka za ni shayarwa?" in ji Attahiru. "Hwata za a rina. Kai dai ce ba ka iyawa. Ashe duk kurin da aka yi, injin ka juya ka, ba kai ka juya shi ba."

Maganar ta soki Labbo, don in akwai abin da yake ji da shi a duniya, to hannunsa ne a kan notin nan. Ga shi kuma ba a duban idon wa a ce masa a'a. Washegari ya shiga gwaji. Ya gano cewa in ya murɗa notin hagu ɗan kaɗan, ya danna ƙarfen ƙafa rabi-rabi, ɗigon zai kauce wa indararo amma ba zai kai tebur ba, sai ya bi ta ratar da ke tsakanin tebur da inji ya faɗa ƙasa. Ya samo gwangwanin madara ya cusa a daidai wurin. Tsakanin ɗauke wannan fata da shimfiɗa waccan, sai ya murɗa, ya danna, ya mayar da noti inda yake, kamar ƙiftawar ido. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ko sau ɗaya alamar kamfani ba ta goce ba. Mai Lofe ya ga tawada na saurin ƙarewa, ya ɗora laifin a kan zafin Gobir, Labbo yana gyaɗa masa kai.

Sai dai ƙarƙashin teburin fata ba wurin da za a ajiye abin arziki ba ne. Duk abin da ya kakkaɓo daga fatun can yake taruwa: gashi, ɓarɓashin busasshen nama, kitsen da rana ta narkar, ruwan fatun da mahauta suka kawo ba su gama bushewa ba. Ƙudaje kuwa gidansu ne. Kafin yamma gwangwanin ya cika da tawada da duk waɗannan, matattun ƙudaje na yawo a sama, wani lokaci har da tsutsa ta miƙe sambal. Labbo da kansa, wanda hancinsa ya daɗe da mutuwa a kantin nan, sai ya kau da kai in zai ɗauko shi. Attahiru kan tace da tsumma ya ɗura a kwalaben turare. Kwalba gudar da aka yi magana ta zama duk zuwa. Abin da Labbo ya samu bai wuce turmin atamfa da aka kai wa Maijidda ba, da kirarin da wansa ke yi masa a gaban mutane.

Ranar wata kasuwar Isa, wani dattijo mai suna Malam Yero ya zo daga Tozai da fatun awakin suna zai sayar. Ya tsaya a layi da carbinsa, har aka zo kansa. Da alamar ta fito a kan fatarsa sai ya sunkuya ya ƙura mata ido, sannan ya ɗaga yatsansa na riƙe alƙalami ya kara kusa da ita. Launin ɗaya ne, babu bambanci ko na ƙwayar gero.

Ya tambayi Labbo cikin ladabi ko su ma daga Masar ake kawo musu. Labbo bai gane ba. Malam Yero ya bayyana masa cewa akwai wani bawan Allah mai zuwa Maraɗi da ke kawo wa malamai tawadar Masar a kwalaben turare, wai da ita malaman can ke rubutu. Shi guda ya saya, yana tattalinta, sai babbar buƙata yake buɗe ta.

"Wane irin rubutu, Malam?" Labbo ya tambaya, ko da yake cikinsa ya riga ya ba shi amsa.

"Na sha mana. Mata sun hi son ta da ta gawayi, don tana kama halshe, sai su ce ayar ta shiga jiki. Malam Illo na Unguwal Lalle shi yak kwashe mahi yawa. Masu ciki har daga Sabon Birni suka zuwa wurinai."

Labbo ya sunkuya ya jawo gwangwanin daga ƙarƙashin tebur ya ajiye a gaban dattijon. Malam Yero ya leƙa. Ya dubi ƙudajen, ya dubi gashin, ya dubi yatsansa. Sai ya fita waje ya yi ta tofar da yawu, ya roƙi buta ya wanke hannu har fatar ta yi ja, launin bai fita ba. Ya tafi bai ko waiwayi fatunsa ba.

Ba laifin Malam Yero ba ne, ba na matan ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san tawada abin sha ce. Gawayi ne da ƙaro, yaro ya lashe ta a allo, tsohuwa ta sha ta don ciwon kai, ba wanda ya taɓa jin ta yi wa wani illa. Wa zai kawo a ransa cewa akwai tawadar da ake haɗawa da safar hannu? Mutum biyu ne kawai suka sani, ɗaya ya ɗiga, ɗaya ya sayar.

Labbo ya bar injin yana ta zagayensa, ya fita. Mai Lofe yana ƙwala masa kira daga baranda, bai juya ba. Ya sami Attahiru a rumfar masu goro, ya miƙe ƙafa yana cin tsire, yana ba da labarin yadda ya yi wa wani ɗan kwastan na Faransa wayo. Labbo ya gaishe shi kamar yadda ya kamata, ya ce yana son ganinsa. Da suka koma bayan rumfa ya faɗa masa abin da ya ji. Ya zaci wansa zai musa, ko ya ji kunya. Attahiru sakace kawai ya ci gaba da yi. Ya ce dukawan ne suka ƙi saye, wai tana sa jima ta tsage, shi kuwa ba zai zubar da kaya ba. Ya ce ai tacewa yake yi da tsumma mai tsabta, har turare yake ɗigawa.

"Yaya, guba ta. Na gaya maka tun ranar."

"Wa yam mutu? Kawo min gawa guda. Abin da anka rubuta sunan Allah da shi, wace guba ka saura ciki? Kuma kak ka zo kana yi min idon malamai. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ni na iya murɗa noti?"

"Maijidda wurin Malam Illo taka karɓar rubutu."

Nan Attahiru ya ɗan tsaya da sakacen. Sai ya ce ai Inna ta fi yarda da tsohuwar tawada, da wuya ta karɓi sabuwa. Ya ƙara da cewa in Labbo zai je gida, ya yi wa Allah kada ya ambaci sunansa, don yana da sauran kwalabe a hannun mutane. Labbo ya dubi maiƙon tsiren da ke ƙyalli a gemun wansa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma a lokacin da zai iya kankare kamannin da ke tsakaninsu daga fuskarsa da ya kankare.

Ya sami motar gyaɗa mai zuwa Sabon Birni, ya hau bisa buhuna. Duk tsawon hanya yana gaya wa kansa Inna ba ta son sabon abu, ita da har yau ba ta yarda da kwanon sha na ƙarfe ba. In ya gama wannan lallashin sai ya tuna Inna ba ta taɓa jin an ce ga abin da ya fi ƙarfi ta bar shi ya wuce Maijidda ba. Da motar ta sauke shi ya ƙarasa da ƙafa, rabi tafiya rabi gudu, ta cikin gonakin dawa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shiga gida. Maijidda na zaune a tabarma a inuwar rumbu, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta. Inna Tasalla na tsaye a kanta da ƙoƙo a hannu, tana karkaɗa shi a hankali. Tun daga bakin zaure Labbo ya hango launin. Da ya matso kuma ya ji warin. An ɗiga turare kam, amma a ƙarƙashin turaren kantin fata ne sak, shi da ke kwana a ciki ba za a ɓoye masa ba. Ya karɓe ƙoƙon daga hannun uwarsa kafin ya yi ko sallama.

Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaya ko a kantin Annasara ba a koya wa mutane gaisuwa. Ya durƙusa da ƙoƙon a hannu ya gaishe ta. Sannan ya faɗa mata komai, bai rage ba: injin, maganin ƙwari, ƙadangaren, notin da yake murɗawa, gwangwanin da abin da ke faɗawa ciki, da wanda ke ɗurawa a kwalba. Bai taɓa yin doguwar magana haka a gabanta ba. Maijidda ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, don ba ta shiga maganar ɗa da uwa.

Inna ta saurare shi har ya kai aya. Ba ta ambaton sunan Attahiru, ɗan fari ne, amma kare shi kam ta iya.

"Wan naka ba shi ba ɗiyan mutane guba. Hassada ta ka cin ka, don Allah ya buɗa mai. Tawada kuwa tawada ta. Tun ban yi haƙori ba nika shan ta, ga ni tsaye. Wa kat taɓa ji aya ta kashe?"

Ya ce ba ayar yake nufi ba, abin da aka rubuta ta da shi. Ta ce to ya raba mata su ta gani, ya tsame ayar ya ajiye gefe ya zubar da sauran. Muryarta ta jawo maƙwabta, kawuna suka fara leƙowa ta saman danga. Ta ce ya ci gishirin Annasara har ya fara ƙyamar sunan Allah, abin da ubansa bai yi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

"In ƙazanta ta, ga ƙasa nan," in ji ta. "Zubar. Zubar da Ƙur'ani kaji su taka, ga shedu sun taru. In ba ka iyawa, ba ni in ba yarinya abinta."

Ta miƙo hannu, ta tsaya tsakaninsa da ƙofa.

Labbo ya dubi tsakar gidan. Nan kashin kaji, can turken awaki, can kwatar wanka. Ya san ba a zubar da rubutu. Bai taɓa ganin wanda ya yi ba, ko mahaukaci. Ya ce wa hannunsa ya karkata, hannun ya ƙi. Ya yi tunanin rijiya, ya tuna duk unguwa ita ake sha. Ya yi tunanin ya ture tsohuwar ya fita da shi gulbi, ya san ba zai iya ture uwarsa ba ko da babu ido ɗaya a kan danga. Shi da ke wuni yana zaɓar wa ɗigo wurin faɗuwa, yau ya rasa inda zai kai ƙoƙo guda. Hannun Inna kuwa na nan a miƙe, yana matsowa.

Sai ya yi bisimilla ya kafa kai.

Ɗaci ne ya fara zuwa, irin na tsatsar ƙarfe, sannan maiƙo ya bi baya, maiƙon akuyar da ta kwana biyu. Wani gashi ya maƙale masa a harshe. Ya runtse ido yana ganin ƙudajen nan, yana haɗiyewa, bai sauke ƙoƙon ba sai da ya ga gindinsa. Nan take cikinsa ya murɗa, amai ya taso har maƙoshi. Ya datse haƙora ya danne, don in ya buɗe baki abin da ya ƙi zubarwa da hannu zai zubar da shi ta hanyar da ta fi muni. Ya zauna daɓas a ƙasa, gumi na keto masa, amma a ransa ya ji wani sanyi. Ko me zai same shi ya same shi, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan dai bai shiga cikin Maijidda ba.

Wata daga cikin matan danga ta tuntsire da dariya, ta ce yau ta ga namiji ya sha rubutun naƙuda, Allah ya sauke shi lafiya. Sauran suka taya ta. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ja tsaki, ta karɓi ƙoƙon, ta zuba ruwa kaɗan daga buta ta ɗauraye shi tas, ta miƙa wa Maijidda ɗaurayen, don ko shi ba a zubarwa. Labbo ya ɗaga hannu, bakinsa a datse, ya kasa fitar da kalma. Maijidda ta yaye mayafi ta sha, ta lashe leɓe. Harshenta da dasashinta sun rine kamar na yaron da ya wuni a gindin ɗinya, rinin da ba na yau ba ne.

"Ka yi ma kanka," in ji Inna, tana kife ƙoƙon a kan randa. "Wanga na marece na. Ta sha na sahe, ta sha na jiya, tun kasuwar da ta wuce taka sha. Kuma ya karɓe ta, ko ba ka so. Da ɗan ga ba shi barin ta runtsa don shure-shure. Tun shekaranjiya ya kwanta abinai, ko motsi ba shi yi."

Maijidda ta sunkuyar da kai don kunya, tana murmushi, hannunta a kan cikin.